Hayaƙin salansa da raguwar mai ko ruwa a injin mota: yadda ake gano tushen matsalar a garejin Nima da Maamobi

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin babban titin Nima da ke birnin Accra, lokacin da tasi da trotro suka yi jerin gwano zuwa Circle ko Kanda, zai ga hayaƙi iri-iri yana fita daga salansar motoci. Wani fari, wani baƙi, wani kuma shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai. A wurin bakanike, wanda a Ghana aka fi kira fita, kowane launi yana da abin da yake nunawa, musamman idan aka haɗa shi da abin da ke raguwa a cikin injin: baƙin mai ne, ruwan lagireto ne, ko kuwa man birki.

Maganar tana da nauyi a unguwannin zango, domin gidaje da dama da mota suke ci. Akwai direban da ke kai wa mai mota kuɗin kullum, akwai wanda ke biyan kuɗin motar kaɗan-kaɗan har ta zama tasa, akwai kuma masu jigilar kaya daga Accra zuwa Kumasi, Tamale da Bawku, ko ta Aflao zuwa Lome da Kwatano. Idan inji ya buga, abincin gida ne ya tsaya. Sau da yawa kuma abin da ya kai shi ga bugawa ya faro ne daga tiyo ko murfin lagireto da bai kai kuɗin man yini ɗaya ba.

Dalilin yawan matsalar a Accra

Yawancin motocin da ke kan titunan Ghana na hannu ne, ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka, Turai, Japan da Koriya. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa ƙananan motoci na hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Mota irin wannan tana isowa ne bayan ta ci doguwar tafiya. Wadda ta fito daga Amurka ma da mil take ƙirga tafiyarta, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, don haka lambar 150,000 a kan dashbod tana nufin kilomita 240,000.

Sai kuma yanayin aikin. Cunkoson titin Ring Road da na kasuwar Nima yana sa inji ya daɗe yana aiki mota na tsaye, iska ba ta bugun lagireto, fanka kaɗai ke sanyaya shi. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe matatar iska. Da damina kuwa, musamman a Mayu da Yuni, ruwa kan cika tituna, motoci su kutsa ciki.

Farin hayaƙi

Farin hayaƙi iri uku ne, kuma rashin bambance su ne ke sa a buɗe injin da lafiyarsa ƙalau.

Na farko tururi ne kawai. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana samar da ruwa kusan lita ɗaya, wanda ke fita a matsayin tururi. Da safe, lokacin da salansa ke da sanyi, ana ganin tururin, wani lokaci har ruwa ya riƙa ɗiga daga bakin bututun. Ba shi da kauri, yana bajewa nan take, kuma yana ɗaukewa bayan 'yan mintoci. Wannan ba matsala ba ce.

Na biyu shi ne fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa ko da inji ya yi zafi, yana kuma tafe da raguwar ruwan lagireto. Idan ana zuba ruwan sanyaya inji mai launi, hayaƙin kan zo da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ma'anarsa ruwa na shiga silinda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ko dai gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone, wanda kanikawan Yamai da Lome ke kira joint de culasse, ko kan injin ya lanƙwashe saboda zafi, ko ya tsage. A motocin dizal na zamani akwai wata ƙaramar na'ura da ke sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, ita ma idan ta fashe takan haifar da wannan alama alhali gasket lafiya lau.

Na uku ya shafi injin dizal, irin na Sprinter, Urvan da Hiace da ake trotro da su. Farin hayaƙi mai yaji a ido da warin ɗanyen dizal yana nuna man bai ƙone ba. Abubuwan da ake zargi su ne nozul da ya lalace, hitar da ke ɗumama silinda kafin tashi, lokacin fesa mai da ya goce, ko ƙarancin matsi a silinda. A nan ruwan lagireto ba ya raguwa, kuma wannan ne babban abin da ke raba shi da na biyu.

Akwai wani dalili da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Idan famfon birki na sama yana yoyo ta baya, iskar da inji ke zuƙa kan ja man birkin ta cikin tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, ya ƙone a silinda. Sai a ga farin hayaƙi, man birki na raguwa, kuma babu ɗigo a ƙasa. Motar da ta nuna haka bai kamata ta ɗauki fasinja ba sai an gyara.

Shuɗin hayaƙi

Shuɗi ko ruwan toka mai shuɗi-shuɗi yana nufin baƙin mai, wanda wasu ke kira man juye, yana ƙonewa tare da fetur ko dizal. Lokacin da hayaƙin ke fitowa shi ke nuna ta inda man ya shiga.

Idan yana fita da tashin farko bayan mota ta kwana, sannan ya ɗauke, robobin da ke tare mai a wuyan bawul ne suka bushe. Man yana tsiyayewa cikin silinda da dare, ya ƙone da safe. Haka nan idan motar ta daɗe tsaye a cunkoso, aka taka totur ta saki hayaƙi sau ɗaya, ko kuma ta sake shi bayan doguwar gangara kamar ta Aburi zuwa Ayi Mensah, inda direba ke ɗage ƙafa daga totur, duk waɗannan robobin ake fara zargi.

Idan kuwa hayaƙin yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, ko aka ɗora kaya, ko ana hawan tudu, to ringin fistin ne ya ci, ko bangon silinda ya side. Irin wannan injin ƙarfinsa kan ragu, kuma idan aka cire murfin zuba mai yana aiki za a ji iska mai hayaƙi tana hurowa da ƙarfi.

Kafin a yanke hukuncin sauke inji, akwai abubuwa uku masu sauƙi da ake fara dubawa. Na ɗaya, ko an cika mai ya wuce layin sama na geji. Na biyu, ƙaramin bawul ɗin da ke fitar da iska daga cikin inji zuwa bututun shan iska, domin idan ya toshe ko ya maƙale yakan tura mai cikin silinda, ya kuma sa sil ya riƙa yoyo. Na uku turbo, ga motar da ke da shi: idan aka cire tiyonsa aka tarar mai ya taru sosai a ciki, turbo ne ke zubarwa. Wannan na da haɗari a injin dizal, domin yana iya fara shan man nasa a matsayin makamashi, ya yi ta gudu ko an cire makulli, har ya tarwatse.

Baƙin hayaƙi

Baƙi yana nuna makamashi ya yi wa iska yawa. Yawanci ba ya tafiya da raguwar ruwa ko baƙin mai, aljihun direba ne ke fara ji a gidan mai. A injin fetur ana duba matatar iska, nozul mai ɗiga, sensar da ke auna iskar shiga, sensar da ke jikin salansa, da wadda ke gaya wa kwamfutar mota zafin inji. A tsofaffin motoci kafireta ce. A injin dizal ana ƙara duba tiyon turbo da ya yage, famfon dizal da aka murɗe don neman ƙarfi, da lodi fiye da kima, wanda shi kaɗai ya isa ya sa lafiyayyar mota ta yi baƙin hayaƙi a kan tudu.

Idan nozul ya daɗe yana ɗiga, makamashin kan gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Alamar ita ce mai ya ƙaru a geji maimakon ya ragu, yana kuma warin fetur ko dizal. Mai da ya tsinke ba ya kare ƙarafan inji, don haka a juye shi da zarar an gyara nozul.

Gane abin da ke ɗiga

Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin mota ta kwana a kai. Da safe a duba launin ɗigon da wurin da ya faɗa.

Baƙin mai yana tsakanin ruwan zuma da baƙi, yana da santsi, a ƙarƙashin inji yake faɗowa. Wuraren da ya fi fita su ne gasket ɗin murfin sama, ƙusar juye, gindin filta, da sil na gaba ko na bayan inji.

Ruwan lagireto yakan zo kore, ja, ruwan hoda ko shuɗi, idan ya bushe ya bar farin tabo kamar gishiri. Idan ruwan famfo ake zubawa, launin tsatsa zai nuna. Ana duba bakin kowane tiyo, famfon ruwa, kunnen lagireto na roba, da ƙarƙashin kafet ɗin gaba, inda bututun ɗumama ɗaki ke wucewa.

Man giya na mota mai canza giya da kanta galibi ja ne, idan ya tsufa ya koma ruwan ƙasa. Na giyar hannu yana da kauri da wari mai ƙarfi. Man sitiyari yakan yi kama da na giya, amma ta gaba yake ɗiga. Man birki fari ne ko rawaya-rawaya, ana ganinsa a cikin taya ko ƙarƙashin fedar birki, kuma yana cin fenti.

Ruwa fari tas marar wari da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna na'urar sanyi raɓa ce. A gari mai laima irin Accra yakan yi yawa, kuma ba laifi ba ne.

Idan babu ɗigo a ƙasa

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke raguwa ba tare da ya ɗiga ba, ko dai yana ƙonewa a silinda, ko yana ƙafewa a jikin inji mai zafi, ko ya shiga wurin ɗan'uwansa.

Awo ake fara yi. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a jira minti 10, a goge geji a sake tsomawa. A yawancin ƙananan motoci tazarar layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce. A rubuta lambar kilomita, a sake aunawa bayan kilomita 500 ko 1,000. Kowane inji yana shan mai kaɗan, kuma littattafan wasu kamfanoni sun sa lita ɗaya a kilomita 1,000 a matsayin iyaka. Injin da ya kai nan ko ya wuce yana bukatar bincike, haka ma wanda shansa ya ƙaru farat ɗaya.

Ruwan lagireto kuwa da safe ake duba shi, inji na da sanyi. Murfin lagireto shi ne abin zargi na farko. Aikinsa riƙe matsi, a motocin Japan da yawa tsakanin bar 0.9 da 1.1, abin da ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa fita a matsayin tururi ba tare da an ga ɗigo ba.

Alamomin da ke nuna gasket ya ƙone sun haɗa da kumfa da ke tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, tiyon sama ya yi tauri cikin minti kaɗan da tashin inji mai sanyi, inji ya riƙa rawa da safe sannan ya daidaita, da fulogi ɗaya da ya fita fes alhali sauran sun yi duhu, domin tururi ya wanke shi. Mai da ya koma kamar shayi da madara a jikin geji shi ma alama ce mai ƙarfi. Amma ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai bai isa hujja ba, saboda motar da ke gajerun tafiye-tafiye takan tara shi. Haka kuma motar da ta ratsa ambaliya tana iya samun ruwa a cikin mai ba tare da gasket ya taɓu ba. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da ita: ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa sandar fistin. A ja ta zuwa gareji, a cire fulogi a fitar da ruwan, a juye mai.

Gwajin da ya kamata a nema kafin a buɗe inji

Mai mota yana da haƙƙin ya nemi a gwada kafin a kwance. Gwaje-gwaje huɗu ne suka fi amfani.

Gwajin matsin lagireto: ana ɗaura famfon hannu a madadin murfi, a hura iska, a ga ko allura za ta sauka. Idan ta sauka kuma babu yoyo a waje, ruwan ciki yake tafiya.

Gwajin ruwan shuɗi: ana ɗora kwalba mai wani ruwa shuɗi a bakin lagireto inji na aiki. Idan hayaƙin silinda na shiga ruwa, launin zai koma rawaya a injin fetur, ko kore-kore a na dizal.

Gwajin matsin silinda: ana auna kowace silinda a kwatanta. Bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana nuna matsala. Idan biyu da ke maƙwabtaka suka yi ƙasa tare, gasket ya fashe a tsakaninsu. A injin fetur, idan aka zuba cokalin mai a silinda mai rauni aka sake gwadawa matsin ya tashi, ringi ne. Idan bai tashi ba, bawul ne ko gasket.

Karatun kwamfuta: motocin kasuwar Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da soket da ake jona na'urar bincike. Lambar P0300 zuwa sama tana nuna silindar da ba ta kama wuta daidai, P0172 kuma tana nuna fetur ya yi yawa. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba hukunci ba ce a kan abin da za a saya.

Idan ta tabbata gasket ne, a kai kan injin wurin masu injin sassaƙa su duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage, sannan a gano abin da ya jawo zafin tun farko, fanka ce, famfon ruwa ne ko lagireto da ya toshe. In ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai bi sahun tsohon. Kayan gyara ana samunsu a Abossey Okai da Kokompe a Accra, ko Suame Magazine a Kumasi. Wanda zai sayi injin hannu gara ya yi yarjejeniyar kwanakin gwaji da mai shago kafin ya biya.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan zafi ya kai digiri 82 zuwa 90, al'ada ce da ta yaɗu a ƙasashe masu zafi. Sakamakonta inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ƙara fetur, ringi ya ci da wuri, kuma ainihin abin da ke kawo zafin yana nan. Zuba ruwan famfo, na rijiya ko na leda a lagireto yana kawo tsatsa da toshewa. Zuba mai mai kauri don ɓoye shuɗin hayaƙi yana rage hayaƙin na ɗan lokaci, amma yana wahalar da injin zamani da aka ƙera don mai marar kauri. Masu sayen mota su lura da wannan: a nemi a tayar da ita da sanyin safiya a gaban mai saye, wani ya tsaya a baya yana kallon salansa.

Lafiya da doka

Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Ruwan sanyaya inji guba ne, ga shi da zaƙi, don haka a nisanta shi da yara da dabbobi, musamman a gidajen haya na zango inda tsakar gida ɗaya ce. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ko wari amma tana kisa, saboda haka ba a barin inji yana aiki a rufaffen wuri. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Tsohon mai kuma a tara shi a jarka, domin wanda aka zuba a babbar kwatar Nima da Maamobi yana gangarawa kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle da teku.

A ɓangaren hukuma, Ghana ta rage yawan sinadarin sulfa da aka yarda da shi a man da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan a shekarar 2017. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS, wato CEDEAO, suka amince a Wagadugu da wannan ma'auni, tare da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Harajin hayaƙin mota da aka fara karɓa a Ghana a Fabrairun 2024, wanda ya kama daga sidi 75 zuwa 300 a shekara, an soke shi a 2025. Binciken lafiyar mota na hukumar DVLA kuwa yana nan: sau ɗaya a shekara ga motar gida, duk wata shida ga motar haya.

Lokacin da ya wajaba a tsaya nan take

Alamomi huɗu ba sa jiran a sauke fasinja a tasha: fitilar mai ta kama ja inji na aiki, allurar zafi ta kai ja, fedar birki ta yi laushi ko ta nutse, ko ana jin warin fetur tare da ɗigo. A kowanne daga ciki a sauka gefen hanya a kashe inji. Sauran alamomin, kamar hayaƙin safe ko raguwar mai a hankali, suna ba da damar a auna, a rubuta, a kai gareji cikin 'yan kwanaki. Direban da ya saba duba geji, lagireto da ƙarƙashin motarsa kowace safiya kafin ya fita lodin farko shi ne ya fi saurin kama matsala tun kuɗin gyaranta bai wuce na tiyo ba.